Kwana Ashirin da Ɗaya

Ranar da matar Yaya ta zo shagona, ina tsakiyar haɗa hannun wata riga. Na ji sallamarta, na kuma gane muryar, amma ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da taka keke kamar an ce in na tsaya za a ƙwace shi. Shekara goma sha ɗaya rabon da ta tako ƙofar nan, kuma ni na hana.

Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta ɗora jakarta a cinya. Matar nan akwai haƙuri, irin masu dafa dutse ce. Ta jira har zaren ƙasa ya ƙare, dole na tsaya.

"Auta," in ji ta, "an sallamo yayanki daga asibiti."

"To, madalla. Ai gida ya fi daɗi."

"Ba sallamar warkewa ba ce, kin kuwa sani. Huhun ne. Likita ya ce ƙurar siminti ta gama da shi, mu koma gida mu kula da shi. Ya ce ko mako biyu, ko ƙasa da haka."

Na ɗauki almakashi na shiga datse zaren da bai ce a datse shi ba. "Shi ya aiko ki?"

"Da ya san na zo, da ya yi mini faɗa da ɗan numfashin da ya rage masa. Ni na aiko kaina. Na ga in na yi shiru, ni ma Ubangiji zai tambaye ni." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ƙofar gidan tana nan inda kika san ta, ba mu canja mata wuri ba."

Ban raka ta ba. Da ta fita na duba rigar, ashe a baibai na ɗinke hannun.

Yaya shi ne uwata, shi ne ubana. Iyayenmu sun rasu ina 'yar shekara shida, shi yana da sha tara, ya ajiye makaranta ya ɗauki cokalin gini. Saboda ni ya koyi kitso, kitson da har yau in na ga hotunan lokacin sai na rufe fuska. Shi ya kawo mini keken ɗinkin nan a kan kafaɗarsa. Shi ya riƙe hannuna a majami'a ya miƙa ni ga mutumin da duk unguwa ke kira Mai Agogo, don gyaran agogo ne sana'arsa. Rauni ɗaya Yaya yake da shi a duniya, ba ya iya ganin hawayena. Tun ina ƙarama na gano haka, na kuwa more shi son raina.

A wurin aiki kuwa ba a tanƙwara shi. In an zuba rufin kankare, akwai sandunan da ake jerawa a cikin ɗaki su tokare shi har ya yi ƙarfi, kuma a dokar Yaya ba mai taɓa sandunan nan sai rufin ya kwana ashirin da ɗaya. Safe da yamma zai hau da bokiti ya ba kankaren ruwa. Kowace safiya in ya sauko, sai ya ɗauki gawayi ya ja layi ɗaya a bango. Mai gida ya yi roƙo, ya yi zagi, ya ce zai ɗauko wani magini, amsar ɗaya ce: "Sai ya kwana." Har abin ya bi shi ya zama suna, kowa Sai-ya-kwana yake ce masa. Yakan ce kankare jariri ne, a ba shi ruwa a bar shi ya yi barci.

Sau ɗaya tak ya karya dokar nan, kuma a gidana ne.

A lokacin muna zaune a gidan surukata, ɗaki ɗaya, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara takwas. Yaya ne ke gina mana namu, ɗaki biyu da falo, a ƙarshen layin da ke bayan makaranta. Wata Asabar da safe, rufin falon yana da kwana bakwai da zubawa, Yaya ya soma cire sandunan, maigidana yana taya shi fitar da su waje. Rufin ya rufto. Yaya yana bakin ƙofa, ƙafarsa ce ta karye. Maigidana yana tsakiyar falo da sanda a kafaɗa, ko asibiti ba a kai da shi ba.

Bayan jana'iza dangin mijina suka tsare Yaya, ƙafarsa a naɗe, suka ce wa ya ce a cire sanduna a kwana bakwai. Ya ce, "Ni ne." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bai kuma dubi inda nake zaune ba. Wannan shi ne abin da kowa ya sani. Tun daga ranar ban sake yi masa magana ba.

Ba wanda ya ƙara ba shi rufi. Mutumin da ake layi a kansa ya koma buga bulo a bakin hanya, yana ɗingishi, yana zazzage buhunan siminti daga safe har yamma yana shaƙar ƙurarsu. Na sha wucewa a mota in hango shi fari fat tun daga gashi har ƙafa. Sai in juya fuska ɗaya tagar, in ce a raina, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Majami'armu ɗaya, kuma ba babba ba ce. Don kada ya takura mini sai ya koma sujadar farko, ni ina zuwa ta biyu. In mun yi kiciɓis a ƙofa, ya raɓe jikin bango ya ba ni hanya kamar wata sarauniya. Ni kuma na ƙirƙiro wani tari na musamman. Duk lokacin da muke addu'a tare, aka iso inda ake roƙon gafara gwargwadon yadda mu ma muke yafe wa wasu, sai tarin ya taso mini, ba ya lafawa sai an wuce wurin. Wata tsohuwa da ke zama kusa da ni har alewar tari take tahowa da ita domina, baiwar Allah. Ranar Jibin Ubangiji kuwa, in kowa ya tashi ya nufi gaba karɓar gurasa da ruwan inabi, ni sai in zauna ina gyaran ɗaurin ɗankwali. Ina da taurin kai, amma ban kai ga yi wa Ubangiji ƙarya a teburinsa ba. Fasto ya zo shagona sau uku a kan maganar. A na ukun na auna shi na ɗinka masa riga, ya karɓa ya yi godiya, ya ce zai ci gaba da addu'a tunda ni na fi ƙarfin wa'azi.

Da yammar ranar da matar Yaya ta zo, 'yata ta dawo daga makarantar koyon jinya ta tarar da ni ina farke hannun rigar nan. Ta ajiye jaka, ba ta ko cire takalmi ba.

"Mama, Anti ta zo?"

"Wa ya gaya miki?"

"Daga can nake. Ni nake yi wa Kawu allura tun da aka dawo da shi." Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙarasa. "Shekara huɗu ke nan ina zuwa gidansa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. "Gidan wanda ya kashe miki uba?"

"Eh, ubana. Nawa ne, Mama, ba ki fi ni rashi ba. Na yafe masa, kuma ban ga inda na ragu ba." Idonta yana cikin nawa. "Tun ina ƙarama kike ce mini Baba yana gida wurin Yesu, wata rana duk za mu tafi mu same shi. To, Kawu ma can ya nufa. In kin je kin tarar da shi fa? Za ki ce a canja miki layi?"

Na ɗaga hannu, sannan na sauke. Wa zan mara? Bakina ne sak a fuskar ubanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Duk da haka sai da na ƙara kwana uku. Kwana uku, a cikin mako biyun da ba su cika ba, ina zaune ina lalata yadin mutane. In aka tambaye ni yau me na yi da su, ba ni da amsa, kuma wannan ciwon da shi zan mutu. A rana ta huɗu na rufe shago da hantsi na fita da niyyar zuwa gidan Yaya, amma da na isa mararraba sai ƙafata ta ƙi. Na bi ta bayan makaranta, na nufi kangon gidana, wanda ban taka ba tun ranar da abin ya faru.

Na zaci ciyawa zan tarar har wuya. Sai na ga wurin a share. An tattara fasassun kankaren an jera su a kusurwa ɗaya, manya a ƙasa ƙanana a sama, irin jerin da hannu ɗaya kawai na sani yana yi. Falon ba rufi, rana tana dukan tsakiyarsa. A bangon da ke kusa da ƙofa ga layuka bakwai na gawayi, baƙi ƙirin kamar jiya aka ja su. Damina goma sha ɗaya ta doki bangon nan, ai ko fenti ne ya ci a ce ya wanke. Da na duba bakin taga sai na ga gutsattsarin gawayi a cikin wani tsohon gwangwani. Ashe Yaya ne yake zuwa yana sabunta su, bakwai ɗin nan dai, bai taɓa ƙara na takwas ba.

Na zauna a kan wani bulo. Sai na tuna a kan irinsa na zauna wancan karon.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, ga nawa tudun. Ranar Juma'a, ana gobe abin zai faru, na yi faɗa da surukata a kan igiyar shanya. Igiyar shanya fa! Ta ture mini kaya ta baza nata, na faɗi baƙa, ta faɗi wadda ta fi ta. Na fito da tsakar rana ina huci na zo nan, na ce wa Yaya gobe nake so a fitar da dajin sandunan nan a soma shafe bango, ba zan ƙara wata guda a gidan matar nan ba. Ya nuna mini bango ya ce, "Auta, ƙirga da kanki. Shida ne. Ga shi ruwan sama ya doke shi ranar zubi, wannan ma ya fi kowane bukatar barci." Na ce da gidan bare ne da ya san dabarar da zai yi. Na ce ni da ba ni da uwa ba ni da uba, sai in ruɓe a gidan wata, wa ya damu? Sannan na fito da tsohon makamina, na zauna a kan bulo na fashe da kuka. Ya daɗe a tsaye yana kallon rufin. Daga baya ya ce, "To, share hawayenki. Gobe zan rage na tsakiya mu gani."

Ban taɓa mantawa da wannan ba, ko na yini ɗaya. Amma ranar da ya ce "Ni ne" a gaban mutane, sai na ji an sauke mini kaya an ɗora masa, na kuwa bar masa. Ƙin sa ya fi mini sauƙi a kan in dubi kaina. In na ga fuskarsa, Juma'ar nan nake gani, shi ya sa nake juya kai. Na yi kuka a kangon nan irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza, kuma a karon farko a rayuwata ba don wani ya gani ba.

Rana ta ɗan karkata lokacin da na isa gidan Yaya. Matarsa tana wanke kwanuka a tsakar gida. Ta goge hannu a zani, ta ɗaga mini labule.

Ɗakin yana nan yadda na san shi, gadon ƙarfe, da tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da guntun katako, da cokalin gininsa rataye a ƙusa. Mutumin da ke kan gadon ne ban gane ba. Yaya da yake ɗaukar buhun siminti biyu a tafiya ɗaya, yanzu bargo ma ya yi masa nauyi. An jingina shi da matasai uku don ba ya iya numfashi a kwance. Ya buɗe ido ya daɗe yana dubana.

"Wa nake gani kamar Auta?" in ji shi, muryar can ƙasa. "Ko na riga na mutu ne ba a gaya mini ba?"

"Ba ka mutu ba," na ce. "Sai ka kwana."

Ya soma dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da na tallafo shi ina shafa masa baya. Ƙashi ne zalla a hannuna. Da ya lafa sai ya kamo bakin zanena.

"Zauna. Ina da magana, kuma numfashina na awo ne. Auta, na kashe miki miji. Na daɗe ina so..."

"Yaya, yi shiru." Na durƙusa a gaban gadon. Na dubi idonsa. "Ni ce na ce ka cire."

"Na sani," in ji shi. "Ai ina wurin."

"To, me ya sa ba ka faɗa ba? Ka bar su suna zaginka, ka bar aikinka ya mutu, ka bar ni ina wuce ka a hanya kamar kare. Kalma ɗaya fa!"

Ya rufe ido yana tara numfashi. "Yarinya ta rasa uba. In na faɗa, dangin ubanta su ɗauke ta, ta rasa uwa kuma. Wannan ɗaya ke nan." Ya huta. "Na biyu, ke tela ce. In mai riga ta ce ki yanka inda kin san bai kamata ba, kika yanka, laifin wa? Ke kuka kika yi. Ni ne magini. Na ƙirga bakwai da hannuna, na ɗauki guduma da hannun nan. Ban yi ƙarya ba da na ce ni ne."

"Rabin gaskiya ka faɗa."

"To, rabin nawa na faɗa. Naki ai ba nawa ba ne da zan raba wa mutane."

Na kifa kaina a bakin katifar. Na ji hannunsa a kaina, mai kaushi kamar bulo, yana laluben inda kitso yake.

"Shirunki bai fi damuna ba," in ji shi. "Na cancanta. Abin da ke hana ni sakat shi ne, an ce mini ba ki tashi in ana Jibin Ubangiji. Na ce wayyo ni, na rushe mata gidan duniya, ga shi kuma na tsaya mata a ƙofar na sama."

"Ba kai ka tsaya ba. Ni na kulle kaina." Na ɗago na dube shi. Na sha jin ana cewa yafiya daɗi gare ta. Ni dai zafi na ji, kamar ana zare mini ƙusa daga ƙafa. "Na yafe maka, Yaya. Don Allah ka yafe mini. Juma'ar nan, da duk shekarun da suka biyo bayanta."

"Juma'ar, tun ranar Asabar na yafe. Shekarun kuwa," ya ɗan yi murmushi, "sun yi tsawo, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yafe. Tashi daga ƙasa, gwiwarki ba ta yara ba ce yanzu."

Kwana huɗu muka samu. Shekara goma sha ɗaya na zubar, aka ba ni kwana huɗu, kuma ko su ban cancanta ba. Na rufe shago na tare a gidan. Ba ya iya haɗiye ruwa, sai in tsoma auduga a kofi ina jiƙa masa leɓe. Ya ce haka ake ba kankare, kaɗan-kaɗan, ba a kwara masa. Na ce ashe dai jaririn ne ya koma. 'Yata tana zuwa ta yi masa allura, ta dube mu, ta fita tsakar gida ta yi kukanta ta dawo.

A rana ta biyu na tambaye shi ko yana jin tsoro.

"Da ina ji," in ji shi. "Ba mutuwar ba, haɗuwa da Mai Agogo. Nakan ce da wane ido zan dube shi? Amma na zauna na yi tunani, ni fa lokacin tunani na samu a bakin hanyar nan. Na gina gidaje sun fi ɗari a garin nan, babu wanda ba zai tsage ba wata rana, har waɗanda suka kwana ashirin da ɗayansu. Wanda za ni, ba hannuna a ciki, shi ya sa na amince da shi. Yesu ne ya gina, kuma shi ba ya gaggawa, ba kuma wanda zai yi masa kuka ya cire sanda." Ya harare ni ta gefen ido, na ce ya ci gaba, zan rama. "In mai gidan da kansa ya buɗe mini ƙofa da duk abin da na yi, ai Mai Agogo ba zai tare ni a zaure ba. Kin san shi, ko kaza bai iya kora ba."

Na yi dariya ina hawaye, don gaskiya ne.

"Akwai saƙo?" in ji shi. "Tunda ni zan riga ki."

Na ce, "Ka ce masa ni ce. Ka ce masa a kan igiyar shanya ne."

"A'a. Can ba a tone-tone. Zan ce masa 'yarsa ta iya allura ba zafi, ke kuma bakinki yana nan. Zan ce kina tafe, amma ba yanzu ba."

Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya kawo Jibin Ubangiji gida, sanye da rigar nan da na ɗinka masa. Da ya gan ni a bakin gado sai ya tsaya turus a ƙofa, ya cire tabarau ya goge. Muka yi addu'a tare. Da aka iso wurin nan, na ji tarin ya taso don sabo, na haɗiye shi, na faɗi kalmomin har ƙarshe. Yaya ya karɓi ɗan abin da leɓensa zai iya ɗauka. Ni na karɓa bayansa.

Ya cika ranar Litinin da hantsi, matarsa tana riƙe da hannu ɗaya, ni ɗaya. Bai yi wata magana ta ƙarshe ba. Numfashin ne ya yi ta nisa da juna, har wanda muke jira bai zo ba.

Ni na ɗinka rigar da aka sa masa. Ban auna shi ba, don awonsa yana kaina tun zamanin da nake yi masa ɗinki, kafaɗa da ƙirji da tsawon hannu. Da aka sa masa sai rigar ta haɗiye shi. Awon Yayan da na bari ne shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Matarsa ta ce in kama ta da allura ta baya, na ce a bar ta haka, a can zai cika ta.

Bayan an binne shi da 'yan kwanaki, tsofaffin abokan aikinsa su uku suka zo suka kafa katako kewaye da kabarin, suka zuba masa kankare, suka shafe shi sumul. Da suka gama, babbansu yana wanke cokali ya ce jibi zai dawo ya cire katakon.

"Ba jibi ba," na ce.

"Haba, ƙanwarmu. Wannan ai a ƙasa yake kwance, ba inda zai faɗa. Kwana biyu ya ishe shi."

"Sai ya kwana."

Suka dubi juna. Ɗayansu ya juya baya yana share ido da gefen hula. Babban ya ce, "To, shi ke nan. Amma wa zai riƙa ba shi ruwa? Wurin nan da nisa."

Na ce akwai mai yi.

Safe da yamma nake zuwa. Akwai famfo a bakin ƙofar maƙabartar, bokitina yana wurin mai gadi. Ina zubawa a hankali da tafin hannu, daga kai zuwa ƙafa, yadda ba zai kwaranye ba. Na san ba ya ciki. Yana gidan da ba ya tsagewa, wataƙila ma yana can yana ƙwanƙwasa bango yana neman aibu bai samu ba, Mai Agogo yana yi masa dariya. Sanin haka bai hana ni kewarsa ba. Kullum sai na tuna wani abin da ban gaya masa ba.

Gwangwanin gawayin nan na ɗauko daga kango. Kowace safiya in na gama ba da ruwa, sai in ja layi ɗaya a jikin katakon. Jiya na ja na bakwai, na daɗe a tsugune ban iya tashi ba. Yau da safe na ja na takwas. Layin ya ɗan karkace, amma ya fito. Saura goma sha uku, kuma ba na sauri.